Sifili ba ya nufin babu amfani: yadda nake auna takardar bayanin kayan duba indes da aka yi wa wakilan AI

Kwanakin baya wani ƙanina da muke aiki tare ya turo min hoton sikirin da daddare, ya ce yaya duba min wannan kafin in danna. Yana kula da rumbun bayanan wata makaranta ne, PostgreSQL suke amfani da shi, wato wani tsarin adana bayanai a na'ura, sunayen ɗalibai da kuɗin makaranta da sakamakon jarrabawa duk a ciki suke. Ya haɗa wakilin AI, wato manhajar AI mai gudanar da aiki da kanta, da wani kayan aiki na duba indes, wato fihirisar da ke hanzarta nemo bayani a rumbun, wakilin ya yi bincikensa ya dawo da rahoto mai tsafta, ya ce ga indes guda uku da ba a taɓa amfani da su ba ko sau ɗaya, suna cin wuri a banza, a goge su. Har umarnin gogewar ya rubuto masa, kwafa kawai zai yi ya liƙa.

Na tambaye shi abu ɗaya, yaushe rabon da sabar, wato kwamfutar da rumbun ke kai, ta mutu ba shiri? Ya ce kwana goma da suka wuce, wuta ta ɗauke kuma batirin ajiya bai riƙe ba. To a nan maganar take. PostgreSQL idan ya faɗi ba a kashe shi bisa ƙa'ida ba, duk ƙididdigar da yake tarawa ta sau nawa aka taɓa kowane indes komawa sifili take yi. Wato sifilin da wakilin ya gani ba na shekara ba ne, na kwana goma ne. Kuma biyu daga cikin indes ɗin nan aikinsu a ƙarshen zango yake, lokacin da ake fitar da sakamakon kowane aji, sau uku a shekara kenan. Da ya goge, babu abin da zai faru a ranar, sai ranar da malamai suka taru suna jiran takardun sakamako sannan komai ya tsaya cak.

Da na je na karanta bayanin da aka rubuta wa kayan aikin, layi ɗaya ne, ma'anarsa dai yana nemo indes da ba a amfani da su. Shi kenan. Wakilin bai yi ƙarya ba, abin da aka gaya masa ya maimaita. Tun daga ranar na daina duba irin waɗannan takardu da idon ko an rubuta su da kyau, na koma tambayar me wakili zai aikata idan wannan ne kaɗai abin da ya sani.

Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda ba harkarsu ba ce. Indes a rumbun bayanai kamar fihirisa ne a littafi. Idan kana neman babin alwala a babban littafin fiƙihu ba ka fara buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya ba, fihirisa kake dubawa ka tafi kai tsaye. Teburin bayanai mai layi miliyan haka yake, in babu indes sai na'ura ta bi layukan duka, in akwai sai ta yi tsalle zuwa inda ake so. Amma fa ba kyauta ba ne, duk lokacin da aka ƙara sabon layi sai an sabunta kowane indes da ke kan teburin, ga wurin da yake ci a faifai. Shi ya sa ake da kayan aikin da ke duba wanne ya kamata a ƙara, wanne ya kamata a cire, wanne ne maimaicin wani.

Da can mutum ne ke karanta sakamakon. Yanzu kuma, musamman tun da kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP, wato ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki, a watan Nuwamba na 2024, ana haɗa waɗannan kayan kai tsaye da wakilin AI, shi zai zaɓi wanda zai kira, ya cike guraben, ya karanta amsa, ya yanke shawara. A tsarin nan kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da bayani a rubuce, da jerin guraben da za a cike masa a tsarin JSON Schema. A mafi yawan lokuta iyakar abin da wakilin ke gani kenan. Dogon bayanin nan mai hotuna da ke shafin GitHub, inda ake ajiye lambar manhajar, ba lallai ya taɓa ganinsa ba. Wannan shi ne kuskuren farko da masu aunawa ke yi, su je su karanta shafin da aka yi wa mutane su ce kai wannan an rubuta shi sosai, alhali layi biyun da ke isa ga wakilin babu komai a cikinsu.

Kuma bambancin mutum da wakili a nan babba ne. Sabon ma'aikaci idan ya ga abin da bai gane ba zai juya ya tambayi na kusa da shi, ko ya ji tsoro ya bari sai gobe. Ya san wuta ta ɗauke makon jiya domin yana wurin. Wakili ba ya wurin, ba shi da na kusa, kuma idan bayani ya bar giɓi cike shi yake yi da abin da ya fi kama da gaskiya, ya faɗa maka da cikakken ƙarfin gwiwa.

Don haka abin da na fi daɗewa a kansa idan ina aunawa shi ne ma'anar lambobin da kayan ke dawowa da su. Ɗauki idx_scan ɗin nan da ke cikin pg_stat_user_indexes, wato lambar sau nawa aka yi amfani da indes wajen nema, wanda kusan duk kayan neman indes marar amfani a kansa suka dogara. Sifili a wurin yana da fuska aƙalla huɗu. Akwai wadda na faɗa, an share ƙididdiga kwanan nan, ko saba ta faɗi ko wani ya kira pg_stat_reset da hannu. Akwai indes na aikin lokaci-lokaci, rahoton ƙarshen wata ko na shekara. Akwai wadda ta fi su haɗari, indes ɗin da aikinsa hana maimaici ne, misali kada ɗalibai biyu su samu lambar rajista ɗaya. Binciken da yake yi lokacin da ake shigar da sabon layi ba a lissafa shi a idx_scan, sai ka gan shi a sifili alhali shi ke tsare maka ƙofa. In an ɗaure shi da ƙa'idar tebur PostgreSQL zai ƙi goge shi kai tsaye, amma in da CREATE UNIQUE INDEX kawai aka yi shi to zai gogu lafiya lau, kuma daga ranar maimaici ya samu hanya. Na ukun da aka ce wa ƙanina ya goge irin wannan ne. Sai ta huɗu, in kana da saba ta biyu wadda ke ɗauke da kwafin bayanai don karatu kawai, kowacce ƙididdigarta daban take tarawa, indes zai iya zama sifili a babbar saba alhali a kwafin ana dukansa dare da rana, kuma in ka goge a babba ya tafi a kwafin ma.

Takardar da ta cancanci a ce mata mai kyau sai ta faɗi waɗannan, a taƙaice ma ya isa, kuma ta ce wa wakili kada ya ba da shawarar gogewa sai ya san tsawon lokacin da ƙididdigar ta rufe. Wanda ya fi wannan ma shi ne kayan da kansa ya dawo da lokacin a cikin amsarsa, ya saka stats_reset na pg_stat_database da lokacin da sabar ta tashi kusa da lambar. Daga PostgreSQL 16 an ƙara last_idx_scan wanda ke nuna lokacin ƙarshe da aka taɓa indes, to in kayan na amfani da shi ya kamata a faɗa, in sabar ta girmi haka ma a faɗi abin da zai faru.

Haka maganar kos, wato lambar ƙiyasin nauyin aiki, da EXPLAIN ke nunawa, umarnin nan da ke bayyana hanyar da PostgreSQL zai bi ya amsa tambayar neman bayani da aka aika masa. Sau da yawa na ga wakili ya rubuta cewa tambaya za ta sauko daga daƙiƙa kaza zuwa kaza, alhali lambar ba ta lokaci ba ce sam. Awo ne na cikin gida da mai tsara tambaya ke kwatanta hanyoyi da shi, an ɗauki karanta shafi ɗaya a jere a matsayin 1.0, karanta shafi a warwatse kuma 4.0 in ba a canza saitin ba. Ƙiyasi ne, kuma ya dogara da ko ƙididdigar teburin sabuwa ce ko ta tsufa. In bayanin kayan ya ce yana nuna yawan ingantuwa bai faɗi da wane ma'auni ba, wakili zai sa masa ma'aunin da ya ga dama, mai gida kuma ya ɗauka alkawari aka yi masa.

Abu na biyu da nake nema, kuma a nan ba na sassauci ko kaɗan, shi ne me kayan ke taɓawa. Kalmar bincike tana sa mutum ya saki jiki, kamar kallo kawai za a yi. Amma EXPLAIN ANALYZE gudanar da tambayar yake yi da gaske, in ka ba shi DELETE to zai goge, shi ya sa takardun PostgreSQL da kansu suka ce a nannaɗe shi tsakanin BEGIN da ROLLBACK, don a soke duk abin da ya canza. Ko SELECT ne ma, mai karanta bayanai kawai, in mai nauyi ne zai zauna a kan sabar da mutane ke aiki a kai har ya gama. To kayan da ke da gurbin kunna ANALYZE amma bayanin gurbin bai faɗi haka ba, a wurina ya faɗi jarrabawa komai kyan sauran.

Ƙirƙirar indes ma haka. CREATE INDEX na yau da kullum yana hana rubutu a teburin har ya gama, karatu na tafiya amma ba mai iya ƙara layi ko gyara shi. A ƙaramin tebur ƙiftawar ido ne, a babba kuwa mai karɓar kuɗi zai tsaya yana kallon sikirin ga layin mutane a gabansa. Akwai CONCURRENTLY da ba ya tare rubutu, amma ya fi daɗewa, ba ya gudana a cikin BEGIN, kuma in ya karye a hanya yana barin indes mai alamar INVALID wanda tambayoyi ba sa amfana da shi amma ana iya ci gaba da biyan kuɗin sabunta shi. Kayan da ke fitar da umarnin ƙirƙira dole bayaninsa ya ce wanne yake fitarwa, kuma shawara ce kawai yake bayarwa ko shi da kansa yake aiwatarwa. Wannan bambanci na shawara da aiwatarwa wallahi na sha ganin an bar shi a duhu.

A MCP akwai alamomin da aka tanada don wannan, irin su readOnlyHint da destructiveHint, kuma ina duba ko an cike su. Sai dai tsarin da kansa ya ce nuni ne kawai, ba tabbaci ba ne, kada a dogara da su in ba a yarda da inda kayan ya fito ba. Don haka nakan gwada da hannuna, in haɗa kayan da asusun da ba shi da izinin rubutu in ga ko zai yi kuka. In ya ce karatu kawai yake yi amma ya nemi izinin rubutu, to akwai abin da ba a faɗa ba.

Yawancin kayan da ke ba da shawarar sabon indes a PostgreSQL a kan abubuwa biyu suke tsaye, pg_stat_statements da HypoPG, kuma kowannensu na da halinsa da ya kamata ya fito a takarda. Shi pg_stat_statements, mai tara ƙididdigar tambayoyin da aka aika wa saba, ba ya aiki sai an saka shi a shared_preload_libraries an sake tayar da saba, kuma in ba a canza ba tambayoyi 5000 yake riƙewa, waɗanda ba a cika yi ba su ake zubarwa in wuri ya cika. Yana kuma cire ainihin ƙimar da aka nema ya sa $1 da $2 a madadinta, wato ba za ka ga ko aji ɗaya aka nema ko makarantar duka ba, kuma hakan na iya canza hanyar da za a bi. Sai a PostgreSQL 16 aka kawo GENERIC_PLAN da ke ba EXPLAIN damar karɓar irin waɗannan tambayoyi masu gurbi kai tsaye. Ko sunan ginshiƙi ma ya canza, total_time ya koma total_exec_time a PostgreSQL 13. Shi kuma HypoPG, wanda Julien Rouhaud ya fara, dabara ce mai kyau ƙwarai, yana ƙirƙirar indes na ƙarya wanda ba ya cin faifai don a tambayi mai tsara tambaya da akwai wannan za ka yi amfani da shi? Amma yana rayuwa ne a cikin haɗin da aka yi shi kaɗai, in akwai PgBouncer a tsakani yana jujjuya haɗi to kira na biyu zai iya faɗawa wani haɗin da bai san da shi ba. Da EXPLAIN zalla yake aiki, in ka sa ANALYZE ba a ganinsa. Kuma ba kowane irin indes yake kwaikwaya ba, yana yin B-tree da BRIN da hash, amma ba ya yin GIN, wanda shi ne ake yawan buƙata a binciken rubutu da JSONB, wato bayanan da aka adana a tsarin JSON.

Ka ga in takarda ba ta faɗi wannan na ƙarshen ba, kayan zai dawo da babu shawara, wakili ya fassara shi da komai lafiya. Shiru iri biyu ne, akwai na duba ban ga matsala ba, akwai ban iya dubawa ba, kuma dole amsar kayan ta raba su. Nakan cire HypoPG da gangan in sake kira don in ga me zai ce. Mai kyau zai ce ba a girka HypoPG ba, ga yadda ake girkawa, kuma wannan sakamakon bai cika ba. Marar kyau zai dawo da jeri fanko kamar ba abin da ya faru. Saƙon kuskure a wurina ɓangare ne na takardar bayani, domin shi ne bayanin da wakili ke karantawa a daidai lokacin da ya fi buƙata.

Sigar PostgreSQL ma ba ƙaramin abu ba ce. Shekara da shekaru an san cewa indes mai ginshiƙi biyu ba ya taimakawa sosai in ba ka tace da na farkon ba, sai PostgreSQL 18 da ya fito a Satumbar 2025 ya kawo hanyar tsallake ginshiƙin farko idan ƙimominsa ba su da yawa. Shawarar da ta dace a 15 ba lallai ta dace a 18 ba, to a faɗi sigogin da aka gwada.

Sauran abubuwan ba sa ɗaukar min lokaci. Ina duba ko sunan kayan ya bambanta shi da 'yan'uwansa, domin sau da yawa za ka ga guda biyu, ɗaya na duba dukkan tambayoyin da sabar ta tara, ɗaya na duba tambayoyin da ka miƙa masa, in bayanin bai ce yi amfani da wannan idan kaza, wancan idan kaza ba, wakili caca yake yi. Ina duba guraben, girman indes da baiti ake rubutawa ko megabaiti, in an bar gurbi fanko me zai zama, tambaya nawa yake karɓa a kira ɗaya, da misali ko guda ɗaya na abin da ake sakawa da abin da ke fitowa. Tsawo kuma ba shi ne inganci ba, duk bayanin nan ana loda shi ne cikin abin da wakili ke riƙewa a ka, in ka cika shi da kirarin kayanka ka ci wurin da ya kamata aikin ya zauna. Sakin layi biyu da suka faɗi iyaka da haɗari sun fi shafi guda na talla.

Sai gwajin da na fi yarda da shi, wanda ba karatu ba ne. Ina da ƙaramin rumbu na gwaji da na ɗana wa tarkuna da hannuna, akwai indes na hana maimaici mai sifili, akwai biyu da suka yi kama amma jerin ginshiƙansu ya bambanta, akwai ginshiƙin JSONB da GIN kawai zai taimake shi, kuma nakan share ƙididdiga minti biyar kafin in fara. Sai in buɗe sabuwar hira da wakili wanda bai san komai ba sai bayanin kayan, in yi masa magana yadda mai shago zai yi, in ce manhajata ta yi nauyi duba min. Ina kallon wane kayan ya fara kira, ko ya cike guraben daidai a karon farko, ko ya ambaci cewa ƙididdigar sabuwa ce, ko ya tsaya ya nemi izini kafin ya kawo maganar gogewa. Nakan maimaita sau da yawa domin amsarsu ba ta zama ɗaya kullum, kuma da wakilai daban-daban, saboda wani mai ƙarfin yana rufa wa takarda asiri da ilimin da ya zo da shi, sai ka ɗauka takardar ce mai kyau. Ƙaramin wakili shi ke tona inda giɓin yake.

In ya faɗa tarko, sai in gyara bayanin kawai ban taɓa lambar manhajar ba, in sake gwadawa. Na ƙanina haka muka yi, muka ƙara jimla uku, cewa sifili na nufin tun daga lokacin da aka fara ƙirga ne kawai, cewa a ware indes masu hana maimaici, kuma kada a kawo shawarar gogewa sai an tambayi mai rumbun ko akwai ayyukan wata-wata ko na zango. Da muka sake kira, wakilin ya kawo indes ukun dai, amma ya ware na lambar rajista ya ce a bar shi, sauran biyun kuma ya tambaya ko akwai rahoton da ake fitarwa lokaci-lokaci. Ƙanina ya rubuta masa eh, ƙarshen kowane zango, muka bar su a inda suke har sai an fitar da sakamako mu sake duba lambar.